Inji Na Bakwai

"Gwaji arba'in sun wuce, ɗaya ya faɗi," in ji jikata, tana hararar baƙin allon kwamfutarta, inda ta rubuta umarni layi guda. "Tsallake shi zan yi, Kaka. Yau zan miƙa manhajar."

Sai na ji ƙamshin auduga a hancina.

Na ce mata, "A 1978 ni ke kula da injinan gurzar auduga a wani kamfani a Funtua. Kowace safiya nakan ce a tayar, injina sha biyu su ɗauka babu komai a cikinsu, in bi su ina saurare. Wannan gurnanin ya fi mini kiɗa daɗi. Rannan na bakwai ya yi ɗan tari. Motocin auduga daga Malumfashi sun yi layi har titi, direbobi suna magiya. Na ce ai ɗaya ne, a zuba. Kafin azahar ya cije."

"Sai aka yi yaya?"

Tun tana goye take wasa da hannuna na dama, ba ta taɓa tambaya ba. Na ɗora shi kusa da kwamfutar, da yatsu ukun da injin ya bar mini.