Ƙwayar Gishirin Ɗayyaba

Wata bakwai Ɗayyaba ta yi tana rainon ƙwayar gishirin magani a ɗakin gwaji a Birnin Kebbi. Ranar da ƙwayar ta fito garau, Muhyiddeen, manomin shinkafar da ke neman aurenta, ya iso daga Argungu da saƙon mahaifinsa: ko ta fasa zuwa Zariya ƙarin karatu, ko a fasa auren.

Sai ta tura masa madubin ƙara girma, ƙwayar na ƙarƙashinsa.

"Duba, Yaya. Ƙananan ƙwayoyi iri biyu ne a ciki, masu cajin lantarki, suna jan juna su jeru sahu-sahu. Yadda suka jeru shi ke sa magani ya narke a jiki ko ya ƙi. Shi nake son ganowa."

Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, ya ƙura mata ido kamar yau ya fara ganinta.

"Ke kika yi wanga da hannunki? Shekara nawa karatun?"

"Biyu."

Ya gyara hularsa.

"Tahi ki gama, Ɗayyaba. Baba kuma, ki bar ni da shi."