Facin Bangon Tela

Shaf, shaf, shaf. Cikin dare na ji ƙarar a bayan ɗakina, kamar ƙatuwar mage tana lasar bango. Na ja bargo na ƙyale ta.

Ashe aminina ne Mai Fenti. Ɗansa ya ce idon tsohon ya gaji, ba ya iya haɗa kala. Suka yi sharaɗi a kan bangon maƙwabcina Tela da ya ɓantare: in facin ya fita daban, tsoho ya ajiye buroshi.

Tun da yamma Mai Fenti yake auna fenti, shuɗi murfin kwalba uku, fari gwangwani guda.

"Baba, farin ya yi yawa."

"Ina dama fenti aka zo mini da albishir ɗin haihuwarka. Matsa can!"

Da safe muka taru. Ɗan ya bi bangon kamar mai neman allura, bai ga faci ba. Ya sunkuyar da kai.

Sai ga Tela da buta a hannu.

"Wai ni kam, ya na ga bangon ya ƙara haske? Kuma ina lambar wayata da ke rubuce a can sama?"