Bisimillar Malam

Tun da aka fito da allon da ke nuna mamaci yana hira da iyalinsa, kowace unguwa ta samu shagon daidaita murya da baki. Laure na fita takaba ta ɗauki allon mijinta sai shagon Sagir.

"Hajiya, babu abin gyara," in ji Sagir. "Na'ura ta auna idonki da kunnenki. Murya da leɓe tare suke tafiya, ko ƙiftawar ido babu a tsakani."

"Abin da ya hana ni sakat ke nan, ɗana. Malam sai ya motsa leɓe ya yi bisimilla a ransa, sannan murya ta biyo. Wannan baƙo ne da fuskarsa."

Sagir ya nisa, ya miƙa hannu wajen na'urar.

A allon, leɓen Malam ya motsa a hankali, babu sauti. Sannan ya dube ta ya ce, "Kin rame."

Laure ta toshe baki da mayafi. "Yauwa, shi ne! Allah ya yi maka albarka."

Sagir bai ce amin ba. Hannunsa na nan a sama, bai taɓa komai ba tukuna.