Jar Motar Raimo

Da dukan farko na sandar ƙarfe Veikko ya tarwatsa gilashin gaba. Da na biyu ya kwashe fitila. Jar motar Raimo ce, 'yar ƙarama marar nauyi, wadda ta hankaɗa ta Veikko cikin rami a zagayen ƙarshe na tseren Asabar.

Raimo ya zo zai riƙe shi, Veikko ya sakar masa gwiwar hannu a baki. Raimo ya zube cikin taɓo, ya tofar da jini da rabin haƙori. Maimakon ya rama, sai ya ƙyalƙyale da dariya.

"Tsohon banza, iyakar ƙarfinka ke nan? Ga inji can ka bari!"

Veikko ya ɓalle murfin, ya dinga kirɓa masa ƙarfe har baƙin mai ya malale.

A dokar filin, in an tashi daga tsere, duk mai son motar wani sai ya ba da suna a ja ƙuri'a, wanda ya ci ya saya, mai ita ba ya da ikon hana sayarwa. Shekara biyu Veikko yana neman wannan bai dace ba, har ya haƙura.

Sai ga matarsa Marjatta ta ratso taro a guje, tana ɗaga takarda.

"Veikko! Na sa sunana a ɓoye, na ci maka jar mo..."

Ta yi turus.

Raimo ya goge baki, ya jefo makulli a gabansa.

"Ni tun ɗazu aka gaya mini. Ci gaba, maƙwabci, taka ce."