Taswirar Seine-Maritime a Bayan Kalanda

Ina da shekara tara, wata Lahadi da rana a gidanmu na unguwar Highbridge, Baba ya ciro tsohuwar kalanda daga bango, ya kifa ta a kan tebur, ya ɗauki biro ja.

"Zo ki zauna, Hadiza."

Ya zana wani abu mai kama da kunnen akuya. Ya ce wannan yanki ne a arewacin Faransa, sunansa Seine-Maritime, lambarsa saba'in da shida. Nan teku, nan kogin Seine yana lanƙwasa. Sai ya ja layi, ya raba shi gunduma uku: Rouen, inda babban mai mulki yake zama, da Dieppe, da Le Havre. A Le Havre ya yi aikin tashar jiragen ruwa bayan ya baro Maradi, kuma can aka haife ni.

Na ƙosa in koma kallon talabijin. Na amsa masa da Turanci cewa na gane.

"Faɗa mini da Hausa," in ji shi.

Na maimaita sau uku. Sannan ya ɗiga ɗigo ɗaya a gefen Le Havre.

"Maƙabartar kan tudu, ɓangaren Musulmi, jikin katanga. Nan mahaifiyarki take. Ko ba na raye, kada ki tsaya tambayar kowa hanya."

Ya tashi ya shiga banɗaki wai zai yi alwala, alhali La'asar da saura. Famfo ya daɗe yana zuba. Sai da na girma na gane abin da ya kai shi.