Rubutu a Jikin Kwalba

Yaya ya ɓare takardun kwalaben maganin Baba, don kada ya gane ciwon daji ne. Gyambon ciki suka ce masa. Ƙwayoyin duk farare ne, kuma jiya saura kaɗan in ba shi ta kashe zafi sau biyu.

Na ɗauko biro da filasta.

"Kin dawo mana da halin can ƙasar waje," in ji Yaya. "Gaskiyar nan kashe shi za ta yi."

"Kuskurena zai riga ta."

Na rubuta sunan kowane magani da aikinsa a filasta, na manna a jikin kwalbarsa. Baba ya ɗauki kwalba ɗaya, ya ƙura mata ido.

"Ƙara girman rubutun, auta. Wata uku ina nuna wa yayanki ban sani ba. Ga ciwo, ga wasan kwaikwayo. Na gaji."