Buhun Mu'awiya a Tabarmar Karta

Makau mutum ne mai son sanin ƙwaƙwaf. Ko kaza ya gani tana tono, sai ya tsaya ya ga abin da za ta fito da shi. A ramin haƙar zinarin da suke aiki, can bayan Bukkuyum, shi ne mai tambaya har a gaji da shi.

Ana cikin haka gefen rami ya rufto wa yayansa Mu'awiya a ƙafa. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma ƙafar sai kumbura take, har ta fara wari. Aka ce sai asibiti, kuma da gaggawa. Gidan kuwa babu abin da za a ɗaga a sayar.

Masu haƙa suna da al'ada mai kyau: in za a raba dutsen da aka fasa, wanda ya ji rauni ba a hana shi kasonsa. Ranar rabo da safe Inna ta raka Makau har zaure.

"Kak ka tsaya ko'ina," in ji ta. "Ɗan'uwanka bai runtsa ba."

Aka ba shi buhunsa, aka ba shi na Mu'awiya an ɗaure bakinsa da jan tsumma. Abin da ya rage shi ne ya kai inji a niƙa, a wanke, a sayar da abin da ya fito, a ɗauki mara lafiya.

Ya tarar da layi a wurin inji. Yana jira sai ya hango wasu a gindin tsamiya suna karta, wani dattijo da ake kira Dodo ne ke rabawa. Abin da ya ɗaure wa Makau kai, babu ko sisi a kan tabarmar. Buhunan dutsen da ba a niƙa ba ake sawa, kuma babu wanda ya san abin da ke cikinsu. Ai kuwa sai ƙafa ta ja shi.

"Baba Dodo, to in ka ci buhu ka ishe ba komi ciki hwa?"

"Nan daɗin abin yake," in ji Dodo. "Mu ba mu cin kuɗin kowa. Dutse na kawai, Makau. Zamna ka gani."

Da kuɗi aka ce ya ajiye, wallahi da bai zauna ba. Amma dutse? Ya jawo nasa buhun, wai hannu ɗaya zai gwada don ya gane yadda abin yake.

Ya ci. Ya sake ci. Kafin azahar buhuna sun taru a bayansa har yana jingina da su. Daidai nan mai inji ya ƙwala masa kira, layi ya zo kansa. Makau ya miƙe yana kakkaɓe wando, sai Dodo ya riƙe masa gefen riga.

"Haba! Ina aka tashi da ci? Ka kwashe muna kaya ka tahi awa ɓarawo?"

'Yan wasa suka kwashe da dariya. Kunya ta kama Makau, ya koma ya zauna. In za a faɗi gaskiya ma, ba kunyar kaɗai ba ce, ransa na son ganin katin da zai biyo baya. Kai, Makau!

Daga nan wasa ya juya. Buhunan da ya ci suka koma inda suka fito, ɗaya bayan ɗaya, nasa na kansa ya bi su. Yanzu babu mai riƙe masa riga. Dodo da kansa ya ce, "Yaro, tashi ka tahi hakanan." Amma zuciya ta ce masa hannu ɗaya tak, ya fanso nasa ya tashi. Ya dubi buhun mai jan tsumma, ya kau da kai, ya sake dubansa. Sai ya jawo shi.

Ko daɗewa ba a yi ba Dodo ya cinye buhun.

Ya kasa tafiya gida. Ya bi Dodo zuwa inji, ya bi shi wurin wanki, yana roƙon Allah a ransa ya sa babu komai a buhun, ko ya sami abin faɗa. Mai wanki ya juya tasa, ya tsiyaye ruwa, sai ya saki salati. Zinari ne kwance a gindin tasar, rawaya shar, irin wanda masu haƙa kan shekara ba su gani ba. Mutane suka yi caa a kai, Makau ya juya ya nufi gida.

Da ya shiga gida, Mu'awiya ya ɗago kai daga shimfiɗa, zufa ta jiƙa shi.

"Ƙanena, dutsen ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, Yaya," in ji Makau, sai ya durƙushe ya fashe da kuka.

Kafin dangi su yi karo-karo a sami na mota da na magani, kwanaki sun ja. Likita ya duba ya ce an makara, aka yanke ƙafar daga gwiwa. Har yau Mu'awiya bai taɓa yi wa ƙanensa maganar ba, kuma wannan shirun ya fi duka ciwo. Kullum Makau ne ke ɗaukarsa zuwa bakin zaure, amma bai iya haɗa ido da shi.

Jama'a, caca ba ta da lokacin tashi mai daɗi. In ka ci, kunya da kwaɗayi za su zaunar da kai, in an ci ka, neman fansa zai zaunar da kai. Kada ka zauna tun farko, in kuwa ka riga ka zauna, tashi yanzu, tun hannunka bai kai ga amanar wani ba.